Kuka da Sowa a Kan Harsashi Ɗaya

A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, mayaƙan Babila suka ƙone Haikalin da Sulemanu ya gina a Urushalima, suka kwashi mutanen Yahuza zuwa bauta. Bayan kimanin shekara hamsin, Sairus sarkin Farisa ya ba su izinin komawa gida, suka koma, suka aza harsashin sabon Haikali. Sura ta uku ta littafin Ezra ta ba mu labarin wannan rana. Firistoci sun sa tufafinsu na hidima, an busa ƙaho, Lawiyawa suna kaɗa kuge, jama'a kuwa suka ɗaga murya da sowa. Amma a cikin taron akwai tsofaffi waɗanda suka ga Haikalin farko da idonsu tun suna yara. Su da suka dubi sabon harsashin, sai suka fashe da kuka. Muryoyin suka gauraye har mai saurare daga nesa ya kasa sanin wanne ne kukan, wacce ce murnar.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, marubucin bai tsauta wa tsofaffin nan ba. Bai kira su marasa bangaskiya ba, bai kuma ce samarin sun yi rashin kunya ba. Wajen shekara ta 520, sa'ad da aikin ginin ya tsaya, Ubangiji ya aiko annabi Haggai, ya kuwa yarda cewa sabon gidan ba komai ba ne a idon wanda ya san na dā. Sai da ya amince da ciwonsu tukuna ya ce su yi ƙarfin hali su ci gaba da aiki.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, duk inda mutane suka taru a ƙarƙashin tsari ɗaya, ko ikkilisiya ce, ko makaranta, ko asibiti, ko zumuntar mata, ranar da aka ce za a sauya wani abu sai an sami masu turjewa. Mu da muke riƙe da shugabanci mun saba raɗa musu suna: masu taurin kai, masu jan aikin Allah baya. Shin haka abin yake? Wanda ya ƙi canji, zunubi yake yi? Wanda kuma ya kawo canji, don abin da ya kawo mai kyau ne, ya kuɓuta ke nan daga alhakin waɗanda ya taka a hanya?

Na yi shekara shida ina magatakardan majalisar dattawa a wata ikkilisiyarmu ta Hausa a Legas. Waɗanda suka kafa ta sojoji ne da 'yan sanda da direbobi da masu gadi, daga Filato, da Kudancin Kaduna, da Gombe, da Adamawa, da Borno. Kowa da harshen gidansu, wannan Birom, wancan Tangale, wani Bura, wani Bachama, Hausa ce ta haɗa su a gaban Allah. Amma 'ya'yansu a Legas aka haife su, Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa ba. Sukan zauna awa uku a sujada su tashi ba su ɗauki komai daga wa'azi ba, da sun kai shekarun shiga jami'a kuma sai mu ji sun koma sababbin majami'u inda ake magana da harshen da suke ji. Majalisa ta zauna sau biyu ta yanke shawara: babbar sujada ta ƙarfe tara za ta koma Turanci, ta Hausa kuma a mai da ita ƙarfe shida da rabi na safe. Ni na karanta sanarwar daga bagadi. Ba mu tambayi kowa ba, domin a ganinmu gaskiyar abin a fili take kamar rana.

Akwai wani tsohon soja da kowa yake kira Baba. Fiye da shekara ashirin shi yake karanta nassi na farko kowace Lahadi. Ya miƙe a taron ikkilisiya ya ce ba za a yi wannan abu yana numfashi ba. A zuciyata na gama yanke masa hukunci. Da fasto ya aike ni gidansa, na tafi da ayoyina a shirye domin in kā da shi. Ya ba ni kujera, ya ɗauko Littafinsa Mai Tsarki, tsohon juyi, bangonsa ya mutu har an ɗinke shi da fata. Ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba. Da wannan littafi na koyi karatu a ajin yamma, ina da shekara ashirin da biyar. In na tsaya gaban jama'a na buɗe shi, ni ma mutum ne. Ran da sujada ta koma Turanci, ni da bencin da nake zaune a kai ba mu da bambanci. Ban ce kada ku yi domin yara ba, jikokina suna cikinsu. Amma ku shiga gidan mutum ku kwashe kayansa, ko sallama babu?" Na koma gida da ayoyina, ban buɗe ko ɗaya ba.

Tun daga ranar na fara lura da wani abu. Kowane canji yana zuwa da riba da hasara, kuma ba safai su biyun suke faɗa wa mutum ɗaya ba. Ribar ta kowa ce, ita ake shela daga bagadi, a rubuta ta a rahoton shekara. Hasarar kuwa ta mutum ɗaya ce, shi kaɗai yake ɗaukarta ya kai gida. Ma'ajin da ya yi shekara talatin yana riƙe da littafin baiko da biro, ko kwabo bai taɓa ɓata a hannunsa ba, ranar da aka kawo kwamfuta ya zama ɗan koyo a gaban yaron da ya riƙe a ranar zanen suna. Gwauruwar da ta ƙi a sauya bencina da kujerun roba, wataƙila bencin da take zama a kai mijinta ne ya saya. Mai ba da waƙa da aka ce ya ajiye Littafin Waƙoƙi domin an sayo jita da majigi, abin da ya ji shi ne an ce zamaninsa ya wuce. Da yake kunya ba ta barin babba ya buɗe baki ya ce yana tsoron zama marar amfani, sai ya sa wa tsoronsa rigar koyarwa, ya ce abin ba bisa ga Littafi ba ne. Shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Shugaba yana ta amsa ayar da aka kawo, ciwon kuwa yana wani wuri dabam, ba wanda ya taɓa shi.

Ya kamata mu da muke yawan cewa "haka muka gada" mu tuna cewa abin da muka gada ma an yi faɗa a kansa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha. Da sabon juyi ya fito a 1979, bakin da ya saba da "Yesu Kristi" ya tarar da "Yesu Almasihu", ayoyin da iyayenmu suka haddace kuma suka zo da wata sigar. Har yau akwai gidajen da tsohon juyi ne kaɗai ake buɗewa a sujadar safe, sunayen ikkilisiyoyi da yawa kuma suna riƙe da kalmar Kristi. A wurare da dama Turawan mishan na farko sun hana ganga shiga majami'a, suna ganinta kayan tsafi ce. Yau wa zai iya tunanin taron zumuntar mata babu tukunya babu kacau-kacau? Shugabancin 'yan ƙasa ma bai faɗo daga sama ba. Mishan ɗin SIM ya iso a 1893, ba a kafa ECWA ba sai a 1954, ba a kuma danƙa mata sauran ayyukan mishan ba sai a 1976. SUM ta fara aiki a Wase a 1904, tarayyar ikkilisiyoyin da muka sani yau da sunan TEKAN kuwa sai a 1955. Abin da jikan yake karewa da sunan al'ada, shi kakan ya karɓa da fargaba da sunan sabon abu.

Wannan bai wanke mai turjiya gaba ɗaya ba. Akwai ƙin canji da yake zunubi, Littafi bai ɓoye mana ba. A jeji, sa'ad da macizai suka sassari jama'a, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji na tagulla ya ɗaga shi bisa sanda, wanda ya dube shi ya rayu. Isra'ilawa suka adana shi, da gaskiyarsu kuwa, wa zai yar da abin da ya ceci kakanninsa? Amma bayan ɗaruruwan shekaru sai ga su suna ƙona masa turare. Sarki Hezekiya ya farfashe shi, littafin Sarakuna na biyu, sura ta 18, ya kuma lissafa wannan cikin kyawawan ayyukansa. Abin da ya sa labarin yake da ban tsoro shi ne, macijin ba gunkin arna ba ne. Kyauta ce ta Allah, wadda ta yi aikinta ta gama, mutane suka ƙi sakinta har ta tsaya tsakaninsu da Mai bayarwa. Lokacin sujada, da harshen wa'azi, da tsarin kwamiti, da ankon zumunta, duk za su iya zama haka. In ikkilisiya ta gwammace ta rasa 'ya'yanta da ta rasa ƙarfe taranta, to, turare take ƙonawa, ko da ba ta sani ba.

Akwai kuma turjiyar da tsoron mutane yake haifa. Bitrus ya ga wahayi a Yafa, ya shiga gidan Karniliyus, ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai da idonsa. Duk da haka, a Antakiya, da waɗansu suka zo daga Urushalima, sai ya janye daga cin abinci tare da 'yan'uwa marasa kaciya, har Barnaba ya bi sahunsa, sai da Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Bitrus ya riga ya san gaskiya, idon mutanensa ne ya yi masa nauyi. Sau nawa dattijo yakan yarda da fasto a ofis, ya juya baya a taro domin 'yan garinsu suna kallo?

To, amma alhakin mai kawo canji ya fi nauyi, domin shi yake riƙe da iko. Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa ya ɗauki ta tsaransa, kabila goma suka ɓalle. A tarihin ƙasarmu ma akwai misali mai ɗaci. An naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864, ya yi shekaru yana kafa ikkilisiyoyi a bakin Kwara. Sai ga waɗansu samarin mishan daga Ingila, cike da himma, har da burin kai bishara ƙasar Hausa. Suka ga kurakurai a aikin, waɗansu kurakuran kuwa na gaske ne. A wani taro a Onitsha a 1890 suka dakatar da fastoci 'yan ƙasa a gaban idon tsohon, wanda ya haura shekara tamanin, suka nuna masa cewa maganarsa ba ta da sauran nauyi. Ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891, aka maye gurbinsa da Bature, ikkilisiyoyin yankin Neja Delta kuma suka janye suka riƙa tafiyar da kansu. Samarin nan sun tabbata gyara suke yi. Sun manta cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sai in mai gyaran ya raina mai kayan. Mu ma a Legas ba mu tsere musu da nisa ba. Shawararmu daidai ce, har gobe ina ganin haka, amma mun yi ta da girman kai na waɗanda suka yi karatu.

Na sami wata tambaya da takan taimake ni gane zuciyata, ko ina ɓangaren masu sowa ko na masu kuka. In aka yi abin da nake so, amma aka cire sunana daga ciki, aka ba wani yabon da kujerar, zan yi murna? In kuma aka bar mini kujerata amma aka yi abin da nake ƙi, zan yi shiru? Mutum ba ya amsa wannan a gaban jama'a, a kan gwiwa ake amsa ta.

Yaya manzanni suka yi da aka kawo musu irin wannan rigima? Sura ta shida ta Ayyukan Manzanni ta nuna mana ikkilisiyar da harshe ya raba, kamar tamu. Masu bi masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana mance da gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su hau bagadi sun yi wa'azi a kan zunubin gunaguni ba. Suka tara dukan masu bi, suka ce su zaɓi mutum bakwai da kansu. Mai karatu ya dubi sunayen: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas. Duka sunayen Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya kawo kuka shi aka miƙa wa ludayin rabo. A majalisar Urushalima kuma, wajen shekara ta 49, an bar masu ra'ayin kaciya sun faɗi maganarsu, an yi doguwar muhawara, an ji shaidar Bitrus da Bulus da Barnaba, sa'an nan Yakubu ya yanke. An ɗauke wa al'ummai kaciya, amma an roƙe su su guji waɗansu abubuwa, har da na ci, domin ɗan'uwa Bayahude ya iya zama da su a akushi ɗaya. Waɗanda suka yi nasara ma an ɗora musu nasu kaya. Ba a kuma aika takarda kawai ba, an haɗa ta da mutane biyu, Yahuza da Sila, su je su yi bayani da baki.

Masu nazarin sha'anin ma'aikata sun iso kusa da wannan ta tasu hanya. A 1948 Lester Coch da John French suka wallafa binciken da suka yi a wata ma'aikatar ɗinkin kayan barci ta kamfanin Harwood, a garin Marion na Amurka. An sauya wa ma'aikata tsarin aiki. Waɗansu aka tara su aka sanar da su kawai, waɗansu aka bar su suka tura wakilai, waɗansu kuma aka zauna da su duka aka tsara sabon aikin tare. Waɗanda aka sanar wa kawai, aikinsu ya faɗi bai farfaɗo ba, ƙorafi ya yi yawa, waɗansunsu suka ajiye aikin. Waɗanda aka tsara da su kuwa, cikin 'yan kwanaki suka koma yadda suke, daga baya har suka zarce. Canjin kusan iri ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne an yi wa waɗansu sallama kafin a shiga.

Iyaye suna da nasu rabo a wannan al'amari, ko da ba su cikin majalisa. Yawancin rigimar ikkilisiya a kan tabarmar cin tuwo take girma. Yaron da ya tashi yana jin ubansa yana kiran dattawa jahilai, ko uwarsa tana kiran fasto mai rushe gadon iyaye, ba ɓangare ɗaya zai raina ba, ikkilisiyar duka zai raina. Yana da kyau yaro ya ji iyayensa ba su yarda da wata shawara ba, ya kuma ga sun sa wanda ya kawo ta cikin addu'ar dare da sunansa.

Mu dai a Legas sai da muka janye sanarwar, abin da ba shi da daɗi ga majalisar da ta riga ta yi magana. Fasto ya tsaya gaban jama'a ya ce mun yi kuskure a hanyar da muka bi, ya nemi gafara. Aka kafa kwamiti na mutum tara, biyar daga cikin waɗanda suka fi ƙin abin, aka sa Baba ya shugabance shi. Aka ba su aiki guda: su je gida gida su tambayi matasa abin da suka ji a wa'azin Lahadin da ta wuce. Wata uku suka yi. Ba na manta ranar da Baba ya kawo rahoto, muryarsa tana rawa, ya ce jikarsa ta fari ba ta iya faɗa masa ko sunan littafin da aka karanta ba. Kwamitin ne da kansa ya kawo shawarar sujada biyu, ta Hausa ƙarfe bakwai da rabi, ta Turanci ƙarfe goma, Lahadin farko ta kowane wata kuma a haɗu gaba ɗaya a ci Jibin Ubangiji da tafinta. Kusan abin da muka nema tun farko ne, sai dai an ƙara awa guda domin tsofaffi masu shigo mota daga nesa, abin da ko kusa bai zo mana a rai ba.

Ba kowa aka samu ba. Iyali huɗu suka tafi ba su dawo ba, biyu domin an kawo Turanci, biyu domin an yi jinkirin kawo shi. Waɗansu matasan da muka yi dominsu sun riga sun yi nisa. Sujadar haɗin gwiwa takan kai awa huɗu saboda fassara, kowane ɓangare kuma yana ƙorafin an fi rera waƙoƙin ɗayan. Baba ya ci gaba da karanta nassi na farko a sujadar Hausa har idonsa ya gaza. A Lahadin haɗuwa shi yakan karanta daga tsohon juyinsa, jikar tasa ta bi bayansa da Turanci, aya bayan aya. Sa'ad da aka yi mini canjin wurin aiki na bar Legas, majalisa tana kan muhawara a kan ko baikon sujadun biyu za a zuba shi a asusu ɗaya, ko kowace ta riƙe nata.